WALIYYI PATRICK: YARON DA AKA SACE, YA ZAMA UBA GA ƘASAR DA TA BAUTAR DA SHI

Duk wanda ya saba shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ake kira da sunan Sheikh Abubakar Gumi, ya san wajen masu kayan gwari, inda ake zube dankalin Turawa tsibi-tsibi, irin wanda motoci ke saukowa da shi daga Bokkos da Mangu a Jihar Filato. Sau da yawa in ka tambayi mai sayarwa, ba zai ce maka dankalin Turawa ba, sai ya ce airish. Da mai saye da mai sayarwa, Kirista da Musulmi, kowa na furta wannan kalma kullum, amma kaɗan ne suka san cewa sunan wata al'umma ce, wato mutanen ƙasar Ailan, wani tsibiri da ke yamma da Ingila.

Mu Kiristocin Arewa muna da dalilin sanin wannan ƙasa fiye da zancen dankali. In ka fito daga kasuwar ba ka yi nisa ba za ka ga babbar majami'ar Waliyyi Yusufu ta Katolika, inda fadoci mutanen Ailan suka yi shekaru suna hidima. Kuma da wuya ka shiga wata ikkilisiya a garin nan, ko ta wace ɗarika ce, ba ka sami mai suna Patrick ko Patricia ba. To, ranar 17 ga Maris kowace shekara, mutanen Ailan a duk inda suke a duniya sukan tara 'ya'yansu su tuna da mutumin da ya bar mana wannan suna. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatunmu tarihinsa, don mu ga abin da yake koya mana, mu da yawancinmu muke renon 'ya'ya nesa da garuruwan iyayenmu.

ASALINSA

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, Patrick ba mutumin Ailan ba ne. Kamar yadda shi dankalin asalinsa daga Kudancin Amurka yake amma ya ɗauki sunan Ailan, haka shi ma Patrick baƙo ne a ƙasar da a yau ake ganin shi ne tambarinta. An haife shi a Birtaniya, a zamanin da mulkin Romawa yake gab da ƙarewa a can, wato wajen ƙarshen ƙarni na 4 ko farkon na 5 bayan haihuwar Almasihu. Sojojin Roma sun bar Birtaniya a wajen shekara ta 410, suka bar garuruwan bakin teku ba mai tsaronsu.

Yawancin abin da muka tabbatar game da shi daga hannunsa ya fito, domin ya bar rubutu guda 2 da harshen Latin: ɗan littafin shaidarsa, wanda ya rubuta da tsufa, da kuma wata wasiƙa da ya aika wa sojojin wani sarki mai suna Coroticus. A cikin rubuce-rubucen nasa ya gaya mana cewa sunan mahaifinsa Calpurnius, dikin ne a ikkilisiya kuma ɗan majalisar gari, kakansa kuwa Potitus, firist ne. Suna da gona da bayi a kusa da wani ƙauye mai suna Bannavem Taburniae. Wato dai ɗan gidan masu hali ne, kuma ɗan gidan ma'aikatan ikkilisiya.

Amma duk da haka, shi da kansa ya yarda cewa a ƙuruciyarsa bai san Allah na gaskiya ba, ba ya kuma sauraron gargaɗin firistoci. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nawa ne daga cikin 'ya'yan fastoci da dattawa da katikis suka tashi a gindin bagade, suka haddace waƙoƙi da ayoyi, amma zuciyar tana wani wuri dabam? Haihuwa a gidan bangaskiya ba ita ce bangaskiya ba.

SHEKARA 6 A BAUTA

Yana da wajen shekara 16 sai mahara daga Ailan suka ƙetaro teku suka faɗa wa gonar mahaifinsa. Suka kama shi tare da ɗimbin mutane, suka kai su Ailan suka sayar. Ailan a lokacin ba ta taɓa shiga ƙarƙashin mulkin Roma ba. Ba ta da birane, sai ƙananan sarakuna barkatai, kowa da yankinsa, dukiyarsu shanu da bayi, addininsu kuwa na gargajiya. Yaron da ya saba a yi masa hidima sai ga shi a daji yana kiwon dabbobin wani, ba ya jin harshen mutanen, ba dangin iya ba na baba.

Iyaye a Jihar Kaduna ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan abin da Calpurnius da matarsa suka ji. Kakanninmu a ƙasar Kudancin Zariya da Filato sun ba mu labarin zamanin harin bayi, yadda mutane suka gudu kan duwatsu don tsira. Mu kanmu kuma mun ga abin da ya faru a watan Yuli na 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta Bethel Baptist a Ƙaramar Hukumar Chikun cikin dare suka kwashe ɗalibai fiye da 100, yara sa'o'in Patrick. Saboda haka labarin nan ba tatsuniyar Turawa ba ce. Labarin yaro ne da aka raba da uwarsa da ƙarfin makami.

A can dajin ne abin da aka shuka masa a gida, wanda ya raina, ya tsiro. Ya ce ya fara addu'a, har takan kai sau 100 a yini, da dare ma kusan haka. Yakan tashi tun da asuba ya yi addu'a cikin ƙanƙara da sanyi da ruwan sama, bai kuwa ji kasala ba. Babu majami'a, babu firist, babu Littafi Mai Tsarki a hannunsa. Abin da ya rage masa kawai shi ne abin da kunnensa ya ji a gidan mahaifinsa. A nan ya kamata kowane uba da uwa su tsaya su yi tunani. Mahara sun raba shi da gona da riga da 'yanci, amma ba su iya raba shi da abin da iyayensa suka zuba masa a kunne ba, ko da yake a lokacin da suke zubawa, gani suke kamar ruwa suke zubawa a kwando.

GUDU DA KOMAWA GIDA

Bayan shekara 6, ya ji murya cikin barci tana gaya masa cewa ya kusa komawa ƙasarsu, daga baya kuma ta ce masa jirginsa ya shirya. Sai ya gudu daga ubangijinsa, ya yi tafiyar wajen mil 200 a ƙasa zuwa inda bai taɓa zuwa ba, bai kuma san kowa ba. Ya tarar da jirgin ruwa na shirin tashi. Da fari shugaban jirgin ya kore shi da fushi. Ya juya yana tafiya yana addu'a, bai gama ba sai ɗaya daga cikin matuƙan ya ƙwala masa kira ya dawo.

Suka yi kwana 3 a teku, sa'an nan suka sauka a wata ƙasa da ba kowa, suka yi kwana 28 suna yawo har guzurinsu ya ƙare. Shugaban jirgin, wanda ba Kirista ba ne, ya ƙalubalance shi cewa in Allahnsa mai iko ne kamar yadda yake faɗa, me ya hana ya roƙa musu abinci? Patrick ya gargaɗe su su juyo ga Allah da zuciya ɗaya. Ba a jima ba sai ga garken aladu a kan hanya, suka yanka suka ci suka farfaɗo. Suka kuma sami zuma, amma da ya ji an miƙa ta hadaya ga gumaka, sai ya ƙi taɓawa.

Daga baya ya isa gida. Danginsa suka karɓe shi da murna, suka roƙe shi cewa bayan wannan wahala duka kada ya sake barinsu ya tafi ko'ina. In da labarin ya tsaya a nan, da mun ce Allah ya ji kukan yaro ya maido shi gida, mu yi godiya mu tashi. Amma ba a nan ya tsaya ba.

KIRA ZUWA WURIN MASU BAUTAR DA SHI

Wata rana da dare ya yi mafarki, ya ga wani mutum mai suna Victoricus ya zo kamar daga Ailan ɗauke da wasiƙu masu yawa, ya miƙa masa ɗaya. Yana cikin karantawa sai ya ji kamar muryar mutanen da ke kusa da kurmin Foclut, a bakin tekun yamma na Ailan, suna roƙonsa ya dawo ya sake zama a cikinsu. Ya ce abin ya soki zuciyarsa har bai iya ci gaba da karatun ba, sai ya farka.

Mu tuna fa, waɗannan su ne mutanen da suka sace shi, suka cinye masa ƙuruciya. Kuma a dokarsu shi gudajjen bawa ne. Danginsa sun yi ƙoƙarin hana shi, har da kyautai da hawaye. Wasu manyan ikkilisiya ma suna gunaguni a bayansa, suna tambayar dalilin da zai sa mutum ya jefa kansa cikin haɗari a tsakiyar abokan gaba da ba su san Allah ba. Amma ya shirya kansa, ya yi karatu, ya zama dikin, ya zama firist, daga bisani ya zama bishop, ya koma Ailan. Tarihin gargajiya na ikkilisiyar Ailan ya sa zuwansa a shekara ta 432. Kafin shi, a 431, Paparoma Celestine ya aika wani bishop mai suna Palladius zuwa wurin 'yan tsirarun Kiristocin da ke can. Abin da ya bambanta Patrick shi ne ya nausa can ciki, zuwa wuraren da ba wanda ya taɓa kai bishara.

Masu karatunmu za su tuna da Yusufu ɗan Yakubu, wanda aka sayar zuwa Masar, daga baya ya zama dalilin ceton waɗanda suka sayar da shi. Shekarun bauta su ne suka koya wa Patrick harshen mutanen Ailan da al'adunsu, ya san yadda ake gaida sarakunansu, ya san abin da suke tsoro da abin da suke girmamawa. Makarantar da bai zaɓa ba ita ce ta shirya shi domin aikin.

YADDA YA YI AIKI

Ya yi wa dubban mutane baftisma, ya kuma naɗa firistoci daga cikin 'yan ƙasa a wurare da yawa. 'Ya'yan sarakuna maza da mata suka keɓe kansu domin Almasihu. Ya ba da labarin wata budurwa 'yar babban gida da ya yi wa baftisma, wadda bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce ta zaɓi ta ba da ranta gaba ɗaya ga hidimar Allah. Ya ce irin waɗannan 'yan mata sukan sha tsangwama daga iyayensu, amma waɗanda suka fi shan wuya su ne mata bayi, da kullum ake tsoratar da su. Wanda ya taɓa zama bawa bai manta da bayi ba.

Game da kuɗi kuwa, halinsa abin koyi ne ga ma'aikatan ikkilisiya na yau. Mata masu bi sukan tuɓe kayan adonsu su ajiye a kan bagade, shi kuwa sai ya mayar musu, har suna jin haushinsa. Bai karɓi ko anini ba don baftisma ko naɗin firist, ya ma ƙalubalanci duk wanda ya san ya ba shi wani abu ya fito ya faɗa, zai biya. Maimakon ya karɓa, shi ne ma yake kashewa. Yakan ba sarakuna kyauta don su bar shi ya wuce, yakan biya 'ya'yansu da suke yi masa rakiya, kuma abin da ya ba alƙalan yankunan da yake ziyarta ya kai kuɗin mutum 15. Duk da haka an taɓa kama shi tare da abokan tafiyarsa, aka ƙwace kayansu, aka ɗaure shi da sarƙa, sai a rana ta 14 aka sake shi. Ya ce kowace rana yana sa ran ko a kashe shi, ko a yaudare shi, ko a sake mayar da shi bawa.

Amma raunin da ya fi yi masa zafi ba daga arna ya zo ba, daga cikin gida ya zo. Tun yana ɗan shekara 15, kafin a sace shi, ya aikata wani zunubi wanda bai bayyana mana ko mene ne ba. Kafin ya zama dikin, cikin damuwar zuciya, ya faɗa wa babban amininsa. Bayan shekara 30 sai wannan amini ya tona maganar a gaban manyan ikkilisiya, aka yi amfani da ita don a ƙasƙantar da shi. Patrick bai musa laifin ba, bai kuma zagi aminin ba. Ya ce baƙin cikinsa saboda abokin ne ya fi yawa. Wannan zargi da makamantansa na daga cikin abin da ya sa ya rubuta shaidarsa, inda tun daga farko ya gabatar da kansa a matsayin mai zunubi, marar ilimi.

Maganar rashin ilimin nan ba tawali'un baki ba ne kawai. Bauta ta katse masa karatu, kuma shekarun da ya yi yana magana da harshen wasu sun sa Latin ɗinsa ya yi rauni, har yana jin kunyar rubutu a gaban masana. Baƙunci yana da farashi, kuma sau da yawa harshe ne farkon abin da mutum yake biya da shi.

WASIƘA ZUWA GA MAHARA

Wata rana sojojin Coroticus, sarki daga Birtaniya wanda ake ɗauka Kirista ne, suka kai hari Ailan. Suka faɗa wa sababbin masu bi da Patrick ya yi wa baftisma ba da daɗewa ba, suna sanye da fararen tufafinsu, man keɓewa bai ko bushe a goshinsu ba. Suka kashe wasu, suka kwashe wasu don sayarwa. Patrick ya aika wani firist da ya rena tun yana yaro ya roƙa a saki kamammun, sai suka yi masa dariya.

Sai ya rubuta wasiƙa mai zafi, ya ce a karanta ta a fili, har a gaban Coroticus kansa. Ya ƙi kiransu 'yan ƙasarsa, ko da yake daga ƙasa ɗaya suka fito. Ya umarci masu bi kada su ci ko su sha tare da su, kada kuma a karɓi sadakarsu, sai sun tuba sun saki waɗanda suka kama. A cikin wasiƙar ya lissafta kansa tare da mutanen Ailan da ake rainawa. Wato baƙon ya zama ɗan gari, ya tsaya wa waɗanda aka zalunta, ko da azzalumin ɗan'uwansa ne na jini da na addini. Wannan wasiƙa tana cikin tsofaffin rubuce-rubucen Kirista da suka fito fili suka la'anci satar mutane da sayar da su.

Ya yi marmarin ya ziyarci danginsa a Birtaniya, amma ya ce Ruhu ya ɗaure shi, yana tsoron kada aikin da ya fara ya lalace. Bai koma ba. Ya rasu a Ailan a cikin ƙarni na 5, tsofaffin littattafan ƙasar wasu sun ce a 461, wasu 493, ana kuma tunawa da rasuwarsa ranar 17 ga Maris. Bisa ga al'ada, kabarinsa yana garin Downpatrick, birnin Armagh kuwa shi ne ake ɗauka mazaunin kujerarsa, inda har yau Katolika da Anglika kowa yake da babbar majami'a mai sunansa.

Akwai labarai da aka ƙara daga baya. Ana cewa shi ya kori macizai daga Ailan, alhali masana sun nuna cewa tsibirin ba shi da macizai tun kafin zamaninsa. Ana kuma cewa ya ɗauki wata 'yar ciyawa mai kunne 3 a kara ɗaya, wadda suke kira shamrok, ya bayyana wa mutane Allah Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki da ita. Wannan labari sai bayan fiye da shekara 1,000 da rasuwarsa ya bayyana a rubuce. Misalin yana da amfani wajen koya wa yara, amma mutumin da ya bayyana kansa a cikin rubutunsa ya fi na tatsuniya girma.

DAGA AILAN ZUWA KADUNA

Bangaskiyar da ya shuka ta kama ƙasa sosai, har Ailan ta zama mai aika 'yan mishan zuwa wasu ƙasashe. Daga 1845 wata cuta ta lalata dankalin da talakawan ƙasar suka dogara da shi, aka yi yunwa ta shekaru, mutum wajen miliyan 1 suka mutu, wasu fiye da miliyan 1 kuma suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ingila da Kanada da Ostireliya. Tun daga nan mutanen Ailan suka zama al'ummar da 'ya'yanta na waje suka fi na gida yawa.

Rabonmu ya iso ta hannun 'yan mishan. Ƙungiyar SMA, wadda aka kafa a birnin Lyon na Faransa a 1856, ta buɗe tasharta ta farko a wannan sashe na Arewa a Shendam a 1907, daga baya reshenta na Ailan ya ɗauki nauyin aikin. A 1934 aka keɓe Kaduna ta zama yankin mishan mai zaman kansa, a 1959 kuma ta zama mazaunin Akbishop, inda John MacCarthy, mutumin Ailan, ya zama na farko. A 1975 ɗan ƙasa, Peter Yariyok Jatau, ya gaje shi, kamar dai yadda Patrick ya naɗa 'yan ƙasa su ci gaba da aiki. Kwalejin Rimi ta yau ita ce tsohuwar St. John's, Kwalejin Sarauniya Amina a Kakuri ita ce tsohuwar Queen of Apostles, ga kuma asibitin St. Gerard's. Sistocin St. Louis sun iso Kano daga Ailan a 1948. Wata ƙungiyar mishan mai sunan Patrick kansa, wadda aka kafa a Kiltegan ranar 17 ga Maris 1932, ta yi aiki a Kalaba da Ogoja, daga baya ta zo Minna. A 1961 aka ayyana Patrick a matsayin waliyyi majiɓincin Nijeriya a Ikkilisiyar Katolika. Musulmi da Kirista da yawa da suka riƙe manyan muƙamai a Arewa sun bi ta waɗannan makarantu, an kuma haifi dubbai a waɗannan asibitoci.

YADDA SUKE TUNA DA SHI A BAƘUNCI

Abin lura shi ne, bikin ranar Patrick a waje ya fara bunƙasa kafin a gida. An yi shi a Boston a 1737, aka yi jerin gwano a New York a 1762, alhali sai a 1903 ranar ta zama hutun gwamnati a Ailan. Wanda yake gida ba ya tsoron 'ya'yansa su manta da gida. Wanda yake nesa shi ne mai wannan fargaba.

A gidan mutumin Ailan mai kula da al'ada, ranar takan fara da sujada, domin kullum tana faɗowa cikin azumin kwana 40 kafin Ista. Akan sa wa yara koren kaya, a maƙala musu ganyen shamrok a ƙirji. Shekaru da yawa iyaye da ke gida sukan sa ganyen a ambulan su aika wa 'ya'yansu na ƙetare ta gidan waya, don ya iso kafin ranar. Uwa takan dafa abincin gida, dankali da kabeji da nama, a yi kiɗa da rawar gargajiya, a koya wa yara gaisuwa da addu'a da harshen kakanninsu, harshen da Turanci ya kusa shafewa, a kuma ba su labarin yaron nan makiyayi. Gaskiya ne a manyan birane da yawa bikin ya koma shaye-shaye da sharholiya, har wasu masu yinsa ba su san ko wane ne Patrick ba. Wannan ma darasi ne: in aka riƙe koren riga aka saki labarin, saura ɓawo.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kaduna garin baƙi ne. Tun da aka mayar da ita hedikwatar Arewa a 1917, a ƙasar Gbagyi, mutane suke ta zuwa: daga Zonkwa da Kagoro da Kwoi, daga Pankshin da Langtang, daga Zuru da Biu da Numan, daga Wusasa da ƙauyukan Kano da Katsina. Yawancinmu aiki ko ciniki ko karatu ya kawo mu. 'Ya'yanmu a nan aka haife su. Suna jin Hausa da Turanci, amma nawa ne za su iya gaida kakarsu da Jju ko Tyap ko Ngas ko Bura? Nawa ne suka san sunan mutumin da ya fara karɓar bishara a ƙauyensu, da abin da ya sha a kanta? Ba sai mun sa koren kaya ba. Amma kowane gida zai iya keɓe rana, ko lokacin Kirsimeti ko ranar taron ƙabila, a dafa abincin gida, a rera waƙoƙin sujada da harshen gida, a zaunar da yara a gaya musu inda suka fito da yadda bangaskiya ta shigo gidansu. Kada mu karai in sun nuna kamar ba sa ji. Calpurnius ma haka ya gani.

Sa'an nan akwai abu na biyu, wanda ya fi wuya. Tun rikicin shekara ta 2000 garin nan ya rabu, da yawa daga cikinmu suka ƙetare kogi zuwa Sabon Tasha da Narayi da Romi, wasu kuma suka ƙetaro zuwa arewa, kowa da tabonsa. In muna ba 'ya'yanmu tarihi, akwai jarabar mu ba su gabar tare da shi. Patrick yana da hujjar ƙin mutanen Ailan fiye da yadda yawancinmu muke da hujjar ƙin kowa. Bai ce abin da aka yi masa daidai ne ba, bai kuma yi shiru ba sa'ad da aka sace wasu. Amma bai bar wa kowa gadon ƙiyayya ba. Babbar Kasuwa tana cikin wuraren da har yanzu mutanen ƙetaren kogi biyu suke haɗuwa kullum, su yi ciniki, su gaisa, su tambayi lafiyar iyali. In mun shiga da yaranmu sayen airish, mu gaya musu inda sunan ya fito, mu kuma bari su ga yadda muke gaida mai sayarwa.

Muna roƙon Allah ya ta'azantar da iyayen da har yanzu suke jiran 'ya'yansu su dawo daga hannun masu garkuwa, ya kiyaye waɗanda suke tsare kamar yadda ya kiyaye bawansa Patrick a daji, ya kuma ba mu hikimar renon 'ya'yanmu cikin tsoronsa a duk inda muka sami kanmu. Amin.